Yadda Ake Gyara Kurakuran Kwanan Wata Idan Ana Kwashe Bayanai Daga Tsohon Rumbu Zuwa Sabo

An taɓa kirana wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye da ke yankin Ringim domin in duba abin da ya sami bayanan marasa lafiya bayan an kwashe su daga tsohuwar kwamfuta an zuba a sabon rumbun bayanai. Kwashewar ta tafi lami lafiya, na'ura ba ta yi ƙorafin komai ba, kuma adadin sunaye ya cika cif. Sai da ma'aikaciyar da ke kula da riga-kafi ta zauna fitar da jerin yaran da lokacin allurarsu ya yi, sannan ta ga yaron da ta tabbata da kaka aka kawo shi an rubuta masa rana a tsakiyar bazara, ta kuma ga wata dattijuwa mai karɓar maganin hawan jini wadda rumbun ya ce sai a shekarar 2058 za a haife ta.

Kurakuran kwanan wata iri biyu ne. Akwai mai hayaniya, wanda sabon rumbu zai ƙi karɓa ya tsayar da aiki, kuma wannan mai sauƙi ne domin shi da kansa yake nuna inda yake. Akwai kuma mai shiru, wanda zai shige a matsayin rana ta gaskiya alhali ba ita aka nufa ba. Allurar Penta ana yin ta ne a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa, ta ƙyanda kuma a wata na 9, saboda haka ranar haihuwar da ta goce da wata shida tana iya sa a nemi yaro tun lokacinsa bai yi ba, ko a bar shi har lokacin ya wuce. Mafi yawan abin da ke tafe a kan wannan nau'i na biyu ne. Zan ɗauka cewa tsofaffin bayanan suna cikin Excel ko Access ko MySQL, sabon rumbun kuwa PostgreSQL ne, wanda a kansa manhajar DHIS2 da ake tattara bayanan lafiya da ita a Najeriya take aiki, amma hanyar ɗaya ce ko da wani rumbun za a koma.

Mataki na farko shi ne a yi kwafin tsofaffin bayanai yadda suke, a ajiye a wuri biyu, ɗaya a wata na'urar dabam wadda ba a aiki a kanta. Kada a buɗe fayil na CSV, wato fayil ɗin rubutu zalla da ake fitar da bayanai a cikinsa, da Excel don kawai a leƙa, domin da zarar an buɗe shi Excel zai fassara ranakun yadda ya ga dama, idan kuma aka danna adanawa to fassararsa ce za ta maye gurbin asali. A buɗe shi da Notepad ko makamancinsa, wanda ke nuna rubutu zalla. A kuma tabbata rajistocin takarda suna kusa, domin za a koma gare su.

Mataki na biyu shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne ginshiƙin aikin baki ɗaya. Kada a zuba bayanan kai tsaye cikin tebur na dindindin. A gina tebur na wucin gadi wanda kowane gurbi na kwanan wata a cikinsa rubutu ne zalla, a kira shi ranar_asali, ta yadda duk abin da ke tsohon rumbu zai shigo harafi da harafi ba tare da na'ura ta taɓa shi ba. A gefensa a buɗe gurbi na biyu mai nau'in DATE, a kira shi ranar_gyara, a bar shi babu komai tukuna. A ƙara gurbi na uku, a kira shi tushe, da zai nuna daga wace kwamfuta ko wane fayil layin ya fito, da na huɗu da za a riƙa rubuta ƙa'idar da aka bi wajen gyara shi. Gurbi na uku yana da muhimmanci ƙwarai, saboda a asibitocin karkara sau da yawa bayanai sukan taru ne daga kwamfutoci dabam-dabam, wata ta ofis ce, wata ta wani ma'aikaci ce da ya sayo ta hannu, kuma kowace da irin saitin da ta zo da shi.

Mataki na uku shi ne a ƙirga siffofin da ranakun suka zo da su kafin a gyara ko guda. Hanya mai sauƙi ita ce a mayar da kowace lamba 9, sannan a tara masu kama da juna:

SELECT regexp_replace(ranar_asali, '[0-9]', '9', 'g') AS siffa, count(*) FROM wucin_gadi GROUP BY siffa;

Sakamakon zai nuna siffofi kamar 99/99/9999 da 9999-99-99 da 99/99/99 da 99999 da 9999999999, tare da guraben da babu komai da waɗanda aka rubuta kalmomi a cikinsu, irin su sunan wata ko "ba a sani ba". Kowace siffa da maganinta, kuma wanda ya ga wannan jeri ya riga ya san girman aikin da ke gabansa.

Mataki na huɗu shi ne raba rana da wata, kuma a nan ya kamata a daɗe. Mu a Najeriya rana muke fara rubutawa sannan wata, yadda ake yi a Ingila, amma a Amurka wata ne a gaba, kuma kwamfutoci da yawa da saitin Amurka suke iso mana. Saboda haka 04/10/2022 a wurinmu 4 ga Oktoba ce, a wurin irin waccan kwamfutar kuwa 10 ga Afrilu ce. Idan lambar rana ta haura 12 babu ruɗani, domin babu wata na 13. Ruɗanin yana kan ranaku goma sha biyun farko na kowane wata, wato ranaku 144 a shekara, kuma idan aka cire guda 12 da rana da wata suke lamba ɗaya, kamar 05/05, za a rage da ranaku 132 da ke iya juyewa ba tare da wata alama ba. Wannan ya haura kashi ɗaya cikin uku na shekara.

Ana gane tsarin kowane fayil ne ta hanyar duba shi dungurungum, ba layi ɗaya ba. Idan a fayil ɗin akwai layukan da lambar farko ta haura 12, kuma babu ko ɗaya da lamba ta biyu ta haura, to rana ce a gaba. Idan akasin haka ne, wata ne a gaba. Idan kuwa duka biyun sun bayyana a fayil ɗaya, to an cakuɗa. Akwai kuma wata cakuɗar da wannan dubawa ba ta nunawa, ga yadda take faruwa: ma'aikaci yana rubuta rana a gaba, Excel mai saitin Amurka yana karɓar 04/10/2022 ya juya ta zuwa Afrilu, amma da ya ga 25/10/2022 sai ya kasa fassarawa ya bar ta a matsayin rubutu. Alamar hakan a fili take a cikin fayil ɗin Excel na asali, domin abin da ya ɗauka kwanan wata ne yana jingina shi dama, abin da ya ɗauka rubutu ne kuma yana barinsa hagu. A irin wannan fayil, na hagu ne masu lafiya, na dama kuwa su ne za a musanya wa rana da wata.

Akwai wata shaida da ba a samu a littattafan koyon kwamfuta, amma duk wanda ya zauna a karkara ya san ta, wato cewa ayyukanmu suna da ranakunsu a mako. Asibiti yana da ranar awo da ranar riga-kafi, ƙungiyar manoma tana karɓar zubi ranar kasuwa. A tambayi wadda ta fi daɗewa a wurin, a ce, "Hajiya, a waccan shekarar wace rana kuke yin riga-kafi?" Idan ta ce Talata, sai a fassara ranakun ta fuska biyu a duba wace fuska ce ke faɗawa Talata. Ranar 4 ga Oktoba 2022 Talata ce, 10 ga Afrilu 2022 kuwa Lahadi ce, don haka shakka ta kau. A PostgreSQL umarnin EXTRACT tare da DOW yana ba da ranar mako, inda 0 take Lahadi, 2 kuma Talata. Sai dai wannan ma yana da iyaka: 11/01/2022 Talata ce ta kowace fuska, ko 11 ga Janairu ko 1 ga Nuwamba. Irin waɗannan sai a dubi layukan da ke sama da ƙasa da su, tunda rajista a jere ake cika ta, idan hakan bai warware ba a ɗauko takarda.

Bayan an tabbatar da tsarin fayil, sai a faɗa wa na'ura tsarin baro-baro, kada a bar ta ta zaɓa:

UPDATE wucin_gadi SET ranar_gyara = to_date(ranar_asali, 'DD/MM/YYYY') WHERE tushe = 'kwamfutar_ofis' AND ranar_asali LIKE '__/__/____';

A MySQL ana amfani da STR_TO_DATE, a SQL Server kuma CONVERT ne da lamba 103 idan rana ce a gaba, ko 101 idan wata ne a gaba. Gara a yi amfani da TRY_CONVERT, wanda ya zo tun fitowar 2012, domin idan ya ci karo da ranar da ba ta yiwuwa yana barin gurbin babu komai maimakon ya rushe aikin duka. Shi ma PostgreSQL daga fitowa ta 10 yana ƙin rana irin 31/02, alhali waɗanda suka gabace ta sukan tura ta cikin Maris a ɓoye.

Mataki na biyar ya shafi ranakun da suka zo a matsayin lambobi zalla. Lamba mai gida biyar kamar 44927 daga Excel take, domin shi kwanaki yake ƙirgawa tun daga farkon shekarar 1900. Ana mayar da ita rana ta hanyar ƙara ta a kan 30 ga Disamba 1899, sai 44927 ta ba da 1 ga Janairu 2023. Dalilin da ya sa ba daga 31 ga Disamba ake farawa ba shi ne Excel ya gaji wani kuskure daga tsohuwar manhajar Lotus 1-2-3, inda aka ƙirga 29 ga Fabrairu 1900 alhali Fabrairun wannan shekara kwana 28 ya yi. Idan aka ga duk ranakun wani fayil sun goce da shekara huɗu da kwana ɗaya, to an yi shi ne da tsarin 1904 na tsofaffin kwamfutocin Mac, kuma bambancin kwana 1462 ne daidai. Lamba mai gida goma kamar 1672531200 daƙiƙoƙi ne da ake ƙirgawa daga 1 ga Janairu 1970, mai gida goma sha uku kuwa sai an raba ta da 1000 tukuna. Manhajojin waya masu amfani da SQLite sukan fitar da irin waɗannan, domin shi ba shi da nau'in kwanan wata na kansa.

Mataki na shida shi ne tsame ranakun bogi, wato waɗanda na'ura ko mutum ya cusa a inda ba a san rana ba. MySQL ya daɗe yana yarda da 0000-00-00, amma PostgreSQL ba ya karɓarta sam, kuma wannan shi ne kuskure mai hayaniya da aka fi gamuwa da shi. Maganinsa a mayar da ita NULL, wato a bar gurbin fanko, kamar yadda manhajar kwashe bayanai ta pgloader take yi da kanta. Sauran sun fi ɓuya. SQL Server yana mayar da gurbin da babu komai ya zama 1 ga Janairu 1900, Access yana nuna 30 ga Disamba 1899 idan lokaci kaɗai aka shigar, sifili a ƙirgen daƙiƙoƙi kuma yana zama 1 ga Janairu 1970. A jera ranakun daga wadda ta fi maimaituwa zuwa ƙasa, za a ga waɗannan sun taso sama.

A wannan jerin za a kuma ga 1 ga Janairu na shekaru dabam-dabam ta yi yawa, kuma wannan ba laifin na'ura ba ne. Dattawanmu da yawa ba da kalanda suke riƙe shekarunsu ba. Za ka tambayi tsoho ya ce maka an haife shi shekara biyu kafin farin 1973, ko mace ta ce ta yi haihuwar fari a shekarar da aka cire Jigawa daga Kano, wato 1991, sai mai rubutu ya ƙiyasta shekarar ya sa 1 ga Janairu. Bai kamata a goge irin wannan ba, domin shekarar tana da amfani, kuma bai kamata a bar ta tana kama da tabbatacciyar rana ba. A buɗe gurbi da zai nuna cewa ƙiyasi ne, kamar yadda manhajar OpenMRS ta tanadi alamar ranar haihuwar da aka ƙiyasta.

Mataki na bakwai shi ne shekaru masu lamba biyu, waɗanda suka mayar da waccan dattijuwa wadda ba a haifa ba tukuna. Kowane rumbu da inda yake yanke ƙarni. MySQL da PostgreSQL suna ɗaukar 00 zuwa 69 a matsayin 2000 zuwa 2069, shi ya sa 58 ta zama 2058. SQL Server yana yankewa a 2049, Excel kuma bisa tsarin da aka daɗe da saninsa da shi yana yankewa a 2029. Ranar haihuwar da ta faɗa gaba da yau sai a cire mata shekara 100. Amma 23 a rajistar jarirai 2023 ce, a jerin tsofaffi masu karɓar tallafi kuwa tana iya zama 1923, don haka irin rajistar ce ke yanke hukunci.

Mataki na takwas ya shafi agogo. Agogon Najeriya yana gaban agogon duniya na UTC da awa ɗaya, kuma ba ya canzawa rani da damina. Idan tsohon rumbu ya ajiye ranar haihuwa tare da lokaci, ya sa mata ƙarfe 12 na dare, to da an mayar da ita UTC za ta koma ƙarfe 11 na daren jiya, idan kuma aka yanke lokacin aka bar rana sai kowa ya rasa kwana ɗaya. Yaron da aka haifa 1 ga Maris ya koma ƙarshen Fabrairu, rahoton wata ya daina dacewa da takarda. Alamarsa ita ce a ga lokuta da yawa suna nuna 23:00. A MySQL nau'in TIMESTAMP ne ke yin wannan juyi, DATETIME ba ya yi, kuma TIMESTAMP ba ya ɗaukar ranar da ta gabaci 1970 ko ta wuce 19 ga Janairu 2038, saboda haka bai dace da ranar haihuwa ba ko kaɗan. A PostgreSQL ana dawo da lokaci agogonmu da AT TIME ZONE 'Africa/Lagos' kafin a yanke rana. Fayilolin KoboToolbox da ODK, manhajojin tattara bayanai ta waya, sukan ƙare lokacinsu da +01:00, kuma kada a datse wannan wutsiya kafin a fassara. Ranar haihuwa da ranar allura DATE zalla ya kamata su zama.

Akwai wani abu da ya keɓanta da mu wanda manhajojin kwashe bayanai ba su san da shi ba. A rajistocin makarantun Islamiyya, da wasu takardun aure da na suna, akan rubuta kwanan watan Hijira. Rana irin 12/03/1445 za ta shige PostgreSQL ko MySQL lafiya lau a matsayin shekarar 1445 ta Miladiyya, alhali shekarar Hijira ce da ta fara a watan Yuli na 2023. Nau'in datetime na SQL Server zai ƙi ta domin ba ya sauka ƙasa da 1753, kuma 30 ga Safar za ta tsaya a ko'ina tunda na'ura Fabrairu take gani. Duk shekarar da ta faɗa tsakanin 1300 da 1500 a ware ta gefe. Ana iya juya ta da lissafi, kuma SQL Server yana da lamba 131 don haka, amma lissafin nasa na kalanda ne tsayayye, mu kuwa da ganin wata da sanarwar fadar Sarkin Musulmi muke farawa, don haka ana iya samun bambancin kwana ɗaya ko biyu. A ajiye ranar Hijirar yadda aka rubuta ta, a sa ta Miladiyya a gefe da alamar ƙiyasi.

Mataki na tara shi ne gwaji, kuma ba a zuba komai a tebur na dindindin sai an gama shi. Adadin layuka ya zo daidai da na tsohon rumbu. A duba rana mafi tsufa da mafi sabunta. A nemo duk inda ranar allura ta riga ranar haihuwa, ko sallama ta riga kwanciya, ko Penta ta biyu ta riga ta farko. A ƙirga layuka bisa ranar wata daga 1 zuwa 31: idan 1 zuwa 12 sun cika, 13 zuwa 31 kuma sun yi ƙaranci ƙwarai, to na'ura ta zubar da waɗanda ta kasa fassarawa. A kwatanta jimillar kowane wata da rahoton takarda da aka aika ƙaramar hukuma a lokacin. Daga nan a zaɓi layuka kamar hamsin daga wurare dabam-dabam, musamman masu rana ƙasa da 13, a zauna da ma'aikacin da ya san rajistar, ɗaya yana karanta takarda ɗaya yana duba allo. Layukan da suka gagara a buga su a takarda a ba waɗanda suka san mutanen, domin sau da yawa katin riga-kafin yana hannun uwar yaron, kuma unguwarzoma ko mai unguwa na iya tuna ko kafin Sallah ne ko bayanta. Wanda aka rasa tabbacinsa gaba ɗaya a bar shi fanko da bayanin dalili.

Zubawa ta ƙarshe a yi ta tsakanin BEGIN da COMMIT, ta yadda idan wuta ta ɗauke ko batirin sola ya mutu ana tsakiyar aiki rumbun zai koma yadda yake, ba zai tsaya rabi da rabi ba. Duk fayil ɗin da za a fitar daga yanzu a rubuta ranakunsa da tsarin ISO 8601, wato shekara sannan wata sannan rana, kamar 2022-10-04. A sa wa sabon tebur sharaɗin CHECK da zai ƙi ranar allurar da ta riga ranar haihuwa, a mayar da saitin yanki na kowace kwamfutar ofis zuwa Najeriya ko Ingila, a kuma gyara fom ɗin shigar da bayanai ya zama ana zaɓar wata da sunansa maimakon lambarsa. Gurbin ranar_asali kuwa a tafi da shi cikin sabon rumbu, kada a goge shi, domin bayan wata uku ko huɗu za a sami uwar da za ta zo da katin ɗanta ranar da ke jiki ta saɓa da ta allo, kuma a wannan gurbin ne za a ga abin da aka fara rubutawa da ƙa'idar da aka bi aka canza shi.